Amsar Kawu Kan Wasan Ƙarshen Shekara a Makaranta

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce an ɗora maka shirya wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, wasu iyaye kuma na ƙorafin cewa al'adar nan cin lokacin karatu take yi, shi ne kake tambaya ko a bar ta.

Kada a bar ta. Amma iyayen nan suna da gaskiyarsu. Abin da suka saba gani shi ne a jingine darasi sati 2 kafin biki, a tsinci yara 5 masu baki a yi ta tisa musu magana, sauran aji na zaune suna hamma. Wannan kam asara ce. Maganinta wasan ya shiga jadawalin darasi tun farkon zango, kowane yaro kuma ya samu abin yi. In wani ya nemi hujja, sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin wasa da shiga harkokin al'adu da fasaha.

Ka ware sati 8, bita sau 2 a sati, kowace minti 40. Sati biyun farko na labari ne. Kowane yaro ya roƙi wani babba a gidansu ya ba shi labari, ya rubuto, ya karanta a gaban aji. Su zaɓi ɗaya, ku mai da shi zance tsakanin mutane. Ka ga tun ba a hau dandamali ba an yi saurare, an yi rubutu, an yi karatu a bayyane. Kada wasan ya wuce minti 20, kada kuma maganar yaro ɗaya ta wuce jimla 3 a jere, domin doguwar hadda ita ke kawo daburcewa.

Wajen rabon aiki ka fi sa ido. A aji mai yara 40, mutum 12 sun isa 'yan wasa. Masu kunya ka sa su cikin 'yan amshi, a cikin taro muryarsu ke fitowa. Wasu su auna kwali, su yanka, su shafa fenti, wannan lissafi ne da hannu. Biyu a kan labule, ɗaya a gefe riƙe da takarda yana tuna wa wanda ya manta. Kowane babban matsayi yara 2 su iya shi, don zazzaɓi ba ya sallama. Wanda iyayensa ba su so ya fito gaban jama'a, ka girmama su, ka ba shi aiki a bayan labule.

Abin da ya fi ɓata wasan yara shi ne rashin jin magana. Yaro kan juya ga abokin zancensa ya ba 'yan kallo baya, tsoro kuma ya sa shi sauri. Lokacin bita ka tsaya can ƙarshen zaure, duk kalmar da ba ta iso ka ba ka ɗaga hannu a maimaita. Ka zana wa kowa wurin tsayuwarsa da alli a ƙasa. Kada ka dogara da lasifika, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa.

Kayan wasa a haɗa daga abin da ke hannu. Da zarar ka ce kowa ya ɗinko sabo, ɗan marar hali zai daina zuwa bita, ba kuma zai faɗa maka dalili ba.

Saura kwana 2, a yi cikakken gwaji da kaya da labule daga farko har ƙarshe, ko an yi kuskure kada ka tsayar. Ka kuma nemi shugaban makaranta ya sa ranar wasan bayan jarrabawa.

Ka gaishe da mutanen gida.

Kawunka.