Amsa ga Hajiya kan yarinyar da ke son tseren keke

Hajiya, kin tambaya ko 'yarki mai shekara 16 za ta iya cin abinci da tseren keke a kan titi. Na daɗe ina tuƙi da horar da yara a nan Kaduna, don haka bari in sa baki.

Sana'a ce, amma kuɗinta a Turai yake. Ko can ɗin sai a 2020 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta sa wa manyan ƙungiyoyin mata mafi ƙarancin albashi, Yuro 15,000 a shekara, da hutun haihuwa. Gasar Faransa ta mata da ake yi yanzu a 2022 aka fara, Annemiek van Vleuten 'yar Holan ta cinye. Yawancin 'yan tsere kuwa ba su ne ke ɗaga kofi ba. Aikinsu tare wa jagorar ƙungiya iska da ɗauko mata ruwa daga mota, a haka ake biyansu, kwantiragin ma shekara ɗaya ko biyu.

'Yarki ta kalli Ese Ukpeseraye 'yar jihar Delta. Ta ci gasar Afirka a Gana a 2023, ta tuƙa wa ƙungiyar Canyon//SRAM Generation, ta kuma wakilci Najeriya a Olamfik na Paris a 2024. Tseren titi na mata a can kilomita 158 ne, kusan Kaduna zuwa Zariya da dawowa, ba tsayawa. A wasannin cikin fili kuwa keken aro ta hau, daga tawagar Jamus. Zakarar Afirka ke nan fa! Shi ya sa nake cewa kada 'yarki ta ajiye karatu ko na zango ɗaya. Anna Kiesenhofer da ta ci zinare a tseren keke na Olamfik na Tokyo tana da digirin digirgir a lissafi.

Abin da ya fi damuna da yaranmu shi ne rashin gasa. Yarinya sai ta yi ƙarfi ita kaɗai, ranar da ta shiga cikin mutum hamsin, taya na gogar taya, tsoro ya kama ta. Wannan ba a koyonsa sai a cikin taro. Ku je ku nemi masu kula da keke na jiha, ta samu shiga gasannin matasa, don daga nan ake zaɓar tawagar ƙasa.

Titi kuma, da asuba cikin ayari, da hular kwano, babba na biye da su. Kada ta kusanci baifas saboda tireloli. Batun sutura ya zo da sauƙi, dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali a ƙarƙashin hula sun wadatar a horo.

Kada ki sayi keke mai tsada yanzu. Na hannu wanda ya yi daidai da tsayinta ya isa, ragowar kuɗin ya tafi a tayoyi, abinci da kuɗin motar zuwa gasa.