Abin da ya sa na mayar da amaryar nan, da mayukan da na yarda da su

Ƴata, ranar Alhamis da shago ya cika, kina wanke soso kika matso kusa da ni kika ce, "Tanti, me ya sa kika mayar da amaryar da ta zo neman haɗin haske, ga kuɗinta a hannu, kuma wasu shagunan suna yi? Cikin duk mayukan da ke Kasuwar Dole, wanne ke da kanki kika yarda da shi?" Na ce ki bari sai mun natsu. Tambayar ta yi mini daɗi, don wadda za ta riƙe sana'ar nan ita ce mai tambayar dalili. Ga amsar a rubuce, ki karanta a tsanake.

Zan fara da jikina. A 1999, ina shekara ta biyu da fara koyon kitso wajen gwaggona a unguwar Zango nan Damagaram, wata mai zuwa fatauci ta sayar mini da haɗin mai a cikin ƴar roba, ba suna ba takarda. Cikin mako uku fuskata ta yi fes, duk inda na shiga sai a ce na yi kyau. Kyan ɗan maciji ne. A wata na huɗu ƙuraje suka feso mini a goshi da haɓa, ƙananan jijiyoyi suka fito a kumatu, in na taka daga Zango zuwa Birni da rana sai in ji kamar an watsa mini barkono. Da na daina shafawa fuskar ta yi duhu fiye da yadda Allah ya halicce ta, ga ƙaiƙayi har cikin dare. Likitan da ya duba ni ya ce maganin asibiti ne mai ƙarfi aka dama cikin man. Nankarwar da kike gani a damatsena in na naɗe hannun riga, ba ta haihuwa ba ce, ta wannan robar ce.

Abubuwa uku ne ake zubawa a irin waɗannan mayukan, ki san su da suna don ki riƙa duba bayan kwalba. Akwai hidrokinon, wanda ke hana fata yin launinta. In an daɗe ana shafa shi ana shiga rana, sai ya bar baƙin tabo mai kauri a saman kumatu da gefen ido, tabon da ba ya jin magani. Kin sha ganin matan da fuskarsu ta yi fari amma gaɓoɓin yatsunsu baƙi ƙirin. Akwai kortikoyid, irin su kilobetasol da betametazon. Dermovate, misali, magani ne na gaske, likita ke rubuta shi don ciwon fata na ɗan lokaci, mu ne muka mayar da shi man shafawa. Shi ke sa fata ta yi siriri, ya buɗe wa makero da ƙyasfi ƙofa, in an daɗe yana shiga jini yana iya jawo hawan jini da ciwon suga, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ki tuna amarya ce, gobe za ta yi ciki, wataƙila a yi mata aiki wajen haihuwa, ɗinki ya ƙi kamawa. Na uku zaiba ce, mai cin ƙoda da jijiya, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa hidrokinon a kayan kwalliyar fata tun 2001, Kodebuwa kuma ta haramta mayukan bilicin masu irin waɗannan sinadarai a 2015. Abin takaici, masu haɗawa ba sa rubuta gaskiya a jikin roba. Don haka in mai ya ce zai haska mutum cikin kwana 7, na riga na san abin da ke ciki ko ba a rubuta ba, domin fata kanta sai ta yi wajen mako huɗu take sabuntawa.

Amaryar nan saura mata kwana 15. Da na haɗa mata, da ranar kamu ta yi kyau, kowa ya tambayi wa ta yi mata gyara. Bayan wata uku fa, tana ɗakin mijinta, sunana za ta kira. Ni a garin nan nake zaune, ina haɗuwa da iyayen yaran nan wajen suna da ta'aziyya. Na ce mata ta dawo mu yi dilka da halawa, ta rage yawon rana, ta sha ruwa, ta yi barci. Ta tafi ranta a ɓace, nima ban ji daɗi ba, amma ba zan sa mata abin da na san ƙarshensa ba.

Yanzu ga abin da na yarda da shi. Ma'aunina ɗaya ne, sai abu ya yi hunturu guda da bazara guda a jikina kafin ya taɓa jikin mai zuwa shagona. Damagaram ba Abijan ba ce. Man da aka yi don garin da iska ke da laima, in ya zo nan cikin Janairu, ƙura na tashi, leɓe na tsagewa, kafin ki kai bakin titi ya bushe. Wanda kuma ya yi daidai da sanyi, in Afrilu ta zo zafi ya haura 40, sai ya narke ya toshe fuska.

Man kaɗanya shi ne na farko a wurina, shekara da shekaru bai taɓa ba ni kunya ba. Yawancinsa daga kudu da yamma ake kawo mana shi, kuma ana yi masa algus, don haka ki koyi gane shi. Ki ɗebo kamar ƙwayar gyaɗa ki murza a tafin hannu. Na kirki yana narkewa nan take, ba tsaki-tsaki, yana da ɗan warin hayaƙi, launinsa kamar na madara ko ya ɗan ja zuwa rawaya. In kin ji yana warin tsohon mai, ya lalace. Ina shafa shi a ƙafa, gwiwa, gwiwar hannu da bakin gashi. A fuskar mai maiƙo da ƙuraje kuwa ba na sa shi da yawa, yana yi mata nauyi.

Vaseline ma ina riƙe da shi, amma mutane ba su san yadda yake aiki ba. Ba ya ba fata ruwa, rufe ta yake yi don ruwan da ke ciki kada ya fita. In kin shafa shi a busasshiyar ƙafa mai kaushi, ƙyalli kawai za ki samu, ƙura ta manne. Ki shafa da fitowarki daga wanka, jiki da sauran danshi. Mai faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge da dutse, ta shafa, ta sa safa ta kwana, mako guda za ta ga bambanci. Gilisarin kuma kada ki ba kowa shi tsura cikin hunturu, ki sirka da ruwa, sannan a bi da mai a kai. Nivea ta gwangwani mai shuɗi tana yi mini kyau a hannu lokacin sanyi, da zafi ya shigo nake ajiye ta. Sai dai jabu ya yi yawa, in kin ga farashin ya faɗi ƙasa warwas ki tuna araha ba ta ado.

Sabulun salo yana wanke maiƙo sosai, amma yana da kaifi. A fuska sau biyu ko uku a mako ya isa, kuma kumfarsa za ki sa, kada ki goga gundarin.

Wajen gashi, abin da ya fi ci mini rai shi ne man miƙar da gashi. Soda ce a cikinsa, ƴar uwar wadda ake dafa sabulu da ita. Wanda aka rubuta wa "ba soda" shi ma yana ƙuna, kuma ya fi busar da gashi. Ki shafe fatar kai da bayan kunne da Vaseline tukuna, ki sa shi a sabon tsiro kaɗai, kada ki maimaita kan wanda ya riga ya miƙe, kuma a bar aƙalla mako takwas tsakani. Wadda ta tsefe kitso yau ko ta sosa kai, ta dawo bayan kwana uku. Ga wata doka da garinmu ya koya mini: kin san halin ruwan Damagaram, famfo na iya ɗaukewa kai na cike da mai. Kada ki buɗe roba sai kin ga bido biyu na lita 25 a tsaye kusa da ke. Na taɓa ganin yarinyar da aka tsaya nema wa mai garuwa, alhali man na cin kanta, har yau akwai gurbin da gashi bai sake fitowa ba. Yarinya ƙarama kuwa ba na sa mata shi ko uwarta ta roƙe ni.

Karkashi ya fi mini yawancin sabulan wanke kai na kanti. Ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ki tace, ki zuba a gashi, mataji zai wuce ba tare da ya tsinka ba. In kai ya yi datti da maiƙo sosai, a fara da sabulun kai sau ɗaya sannan karkashi ya biyo. Man shanu yana tausasa gashi, amma a zafin nan kada ya wuce kwana ɗaya a kai, yana yin ɗoyi. Shebe na mutanen Chadi na gwada shi wata shida. Bai ƙara mini tsiro ba, abin da ya yi shi ne ya rage karyewa, tsawon ya tsaya. A jikin gashi ake sa shi, ban da fatar kai. Kuma duk man da za ki saya wa mace, in hannunki na jan gashin goshi har ƙananan ƙuraje su fito, ke ce kike cinye mata gaban kai. In wadda kike yi wa kitso ta ce tana jin zafi, ki sassauta, kada ki ce mata ta daure.

Sai lalle. Jan lalle na ganye ban taɓa ganin ya cuci kowa a hannuna ba, haƙuri kawai yake so, awa huɗu zuwa shida, in ana son ya yi duhu a maimaita washegari. Baƙin nan mai kamawa cikin minti talatin, wanda ƴan Kano ke ce wa dayis, rinin gashi ne, akwai sinadarin PPD a ciki. Shekarun baya wata amarya daga wajen Mirya ta zo mini kwana biyar bayan an yi mata shi a wani wuri. Zanen fulawar nan gaba ɗaya ya tashi ya zama bororo, kowane layi da ruwa a ciki, tun daga yatsu har gwiwar hannu, ko zobe ba ta iya sawa. Na tura ta asibiti. Da ya warke, zanen ya zauna mata tabo. Mugun abin shi ne ba ya nuna kansa a ranar, sai bayan kwanaki, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi ta sa daga baya kai da fuska za su kumbura. Shi ya sa ba kya ganinsa a shagona.

Kwalliyar fuska ba ta da wuyar magana. Hodar ruwa a gefen muƙamuƙi ake gwada ta, a bakin ƙofa cikin hasken rana, ba a bayan hannu ba, kuma launin mace za ki bi, kada ki bi launin da take buri. In kin haska ta da yawa, hoto na fitowa fuska ta yi toka wuya ya yi baƙi. A bazara ki sa kaɗan ki danne da busasshiyar hoda, mai kauri gumi ke tsaga ta tun kafin a kai amarya. Akwai ɗan hoton kwalba buɗaɗɗiya a bayan kaya, da rubutu kamar 6M ko 12M, watannin da abu zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Maskara wata uku nake ba ta in jefar. Jambaki ki yanko da tsinke ki shafa da buroshi, kada sanda ɗaya ta zagaya bakin ƴan mata goma. Lokacin da apolo ke yawo a gari, duk abin da ya taɓa idon wata ba ya taɓa na wata.

Kwalli na tandu ina ƙaunarsa, da shi na ga kakata, kuma babu fensirin da ke ba ido irin wannan kyan. Amma dutsen da ake niƙawa yana ɗauke da dalma, kuma dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. In mai jego ta zo kwalliyar suna ta miƙo miki jariri ki sa masa, ki ba ta haƙuri ki faɗa mata dalili da ladabi, ko da kakar yaron na zaune. Ni da kaina na koma fensiri a shago, tandun kuma na ajiye shi a ɗaki.

Amaryar nan ta aiko ƙanwarta jiya da yamma, ta ce za ta zo dilkar ranar Litinin. Ke za ki dafa halawar, suga da ruwan lemun tsami da ruwa kaɗan, wuta a hankali har ta yi launin zuma. Ki ɗiga ɗigo guda a ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi taushi ki sauke, kuma ki gwada zafinta a cikin hannunki kafin ta taɓa jikin yarinyar. Ki biya wajen mai garuwa tun da safe ya cika mana randa.