Amsa ga Hajiyar da aka rubuta wa BMI 31 a mustausaf

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki: kin je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda, nas ta ɗora ki a sikeli, ta rubuta kilo 82, tsayi santimita 162, BMI 31, wato lambar da ke gwada nauyi da tsayi, babu wanda ya tsaya ya yi miki bayani, kina tsoron ko wata cuta aka gano. Ki kwantar da hankalinki, lissafi ne kawai, da wayarki ma za ki yi shi.

Ki mayar da tsayin mita, wato 1.62. Ki raba 82 da 1.62, abin da ya fito ki sake raba shi da 1.62, za ki ga 31.2. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗan zarce, daga 30 kuma ƙiba ce. Ke yanzu kika taka matakin farko na ƙibar. Sai dai in da abaya da takalmi aka auna ki, ki sake hawa sikelin da safe kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi.

Ni ba likita ba ce, tela ce, amma na daɗe ina fama da suga, kuma kullum tef yana rataye a wuyana. Abin da na lura shi ne lambar nan ba ta san inda kitsen ya taru ba. Mata biyu za su kawo ɗinki, tsayi ɗaya, nauyi kusan ɗaya; wannan jikinta ya tafi ƙasa, waccan duk a ciki ya tsaya, sai na ƙara yadi a gaba. Ta biyun ce ta fi kusa da suga da hawan jini. Ba mamaki lambar ba ta san wannan ba, don wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ne ya fito da dabarar tun wajen 1830, kuma don nazarin jama'a ya yi ta, ba don duba mutum ɗaya ba. Ba ta bambanta tsoka da kitse, ba a amfani da ita ga mai juna biyu, yara ma jadawalinsu daban.

Don haka ki samu tef ki zagaya cikinki daidai saman cibiya kaɗan, ki saki numfashi, ban da tsuke ciki. Mace in ta wuce santimita 80 sai a fara lura, in ta wuce 88 abin ya yi yawa. Maza kuma 94 da 102. Mai sauƙin riƙewa: kada zagayen cikin ya kai rabin tsayinki, ke 81 ke nan.

Kada ki ce sai kin koma kilo 65 don lambar ta sauka ƙasa da 25, nan ne mutane ke karaya su watsar. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki, wato kilo 4 zuwa 8, ya isa a ga canji a suga da jini. Kilo 4 kaɗai zai fitar da ke daga 30.

Zaman garin nan shi ke cin mu. Daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai mota, ga kabsa (shinkafa da nama) da dare, ga burost (soyayyar kaza), ga tamis (gurasa) da safe, ga shayi da suga cokali uku duk gidan da ka shiga, in ka ƙi a ce ka raina. Ni lemon kwalba na fara bari, na rage shinkafar dare zuwa rabi, bayan isha'i mu taka da maƙwabciyata, wani lokaci har Kornish, bakin teku, in an samu mai kai mu. Tef ɗin ya riga sikeli nuna min bambanci.

In kin koma mustausaf ki ce a yi miki gwajin sukkar tarakumi, wanda ke nuna sugan wata uku, a duba jini da kitsen jini. In akwai mai suga a gidanku, ki gaya wa likitan tun kafin ya tambaya. Allah ya ƙara lafiya.