Zoben boris yana juyawa a giyabos ɗin tsohuwar MGB: a daddaƙa, a sa gam, ko a kai borin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da wata tsohuwar mota ƙirar MGB ta 1969 da na gada daga mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Wurin wani Bature malamin jami'a ya saye ta a Samaru, sitiyarinta ma a dama yake, don ta riga canjin hannu shigowa. Ta yi shekaru a ajiye, bara na tayar da ita. Yanzu in tana tsaye injin na aiki sai giyabos ya riƙa kuka, in na taka kuloci kukan ya ɗauke, kuma wani lokaci giya ta huɗu takan fita da kanta. Da muka sauke, sai muka tarar boris ɗin gaba, na sandar da ke shiga kuloci, zobensa na waje yana juyawa a mazauninsa, da yatsa ma ana iya zare shi. Makanikena ya ce a daddaƙa ramin da ƙarfe mai tsini a mayar, wani ya ce a naɗa masa gwangwani, wani kuma ya ce aradayit. Wanne zan bi? Daga mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Malam, cikin ukun nan babu wanda zan ce ka bi. Amma kada ka ga baiken makanikenka, ni ma na yi daddaƙar nan da hannuna ina yaron gareji. Giyabos ɗin Fijo 504 ne, na bi ramin da tsini da guduma har ya zama kamar bayan kada, boris ya shiga da ƙyar, na riƙa jin kaina. Ba a rufa wata uku ba motar ta dawo, ramin ya fi da faɗi. Abin da tsinin ke yi shi ne ya tayar da 'yan ƙuraje a jikin alminiyam, sai boris ya zauna a kansu maimakon ya zauna a kan bangon duka. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, da nauyi ya hau sai ƙurajen su kwanta. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Gwangwani kuwa a gefe guda yake taruwa, aradayit kuma ba don wanka cikin mai mai zafi aka yi shi ba.

Ba riƙe zoben kaɗai ake nema ba. Riƙe shi a tsakiya ake nema, daidai inda kamfanin MG da ke Abingdon a Ingila ya ajiye shi. Sandar nan bakinta na gaba yana cikin wani ɗan bushin na tagulla a gindin kiransha, wato babbar sandar cikin injin, ta baya kuma haƙoranta na cizon giyar ƙasa, sannan a giya ta huɗu ita ake ɗaurewa kai tsaye da babbar sandar da ke fita zuwa farfela. In ta kauce ko da kaurin gashi biyu ne, haƙora ba za su haɗu yadda ya kamata ba, kuka zai zo, giya ta huɗu ta riƙa tsalle tana fita. Abin da kake gani ke nan.

Me ya sa zoben ke sakewa tun farko? Kesin ɗin giyabos ɗinka alminiyam ne, boris kuwa baƙin ƙarfe, kuma in zafi ya hau, alminiyam yakan buɗe kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke buɗewa. A ce faɗin ramin milimita 70 ne, zafi ya ƙaru da digiri 60 daga tashin mota da safe zuwa tsakar rana a hanyar Kano cikin watan Afrilu. Ramin zai fi zoben buɗewa da kusan milimita 0.05. To tun daga kamfani ma ba a matse zoben waje sosai ba, don haka ɗan rarrafen da yake yi a hankali in ya yi zafi ba abin tayar da hankali ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne in boris ya fara cijewa, saboda ƙarancin mai ko datti ko tsatsar ajiya, sai 'ya'yansa su ja zoben su riƙa juya shi da gudu, ya riƙa cin bango. Motar da ta yi shekaru a ajiye, damina ta wuce, hunturu ya zo da ƙurarsa, ni tsatsa nake fara zargi. Ka tsiyaye tsohon man a faranti ka fita da shi rana: in ka ga yana ƙyalli toka-toka, kuma maganaɗisu bai kama komai ba, garin kesin ɗinka ne.

Kafin kowa ya ba ka magani, sai an auna. Ka fara samo sabon boris, don tsohon ma bayansa ya ci, in ka gwada da shi zai yi maka ƙarya. A wanke ramin tas, a duba shi da fitila ko akwai tsaga. In akwai, magana ta ƙare, sai wani kesin. In babu, a kai wa masu borin, wato masu injin faɗaɗa rami, su auna ramin da ma'aunin rami da maikiromita, aƙalla a wuri uku: sama da ƙasa, hagu da dama, da karkace. Baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da ake ja, ba ta isa wannan aikin ba. Abu biyu kake son ji: nawa ramin ya fi sabon zoben faɗi, kuma yana nan da'ira ko ya zama ƙwai.

In ratar ba ta wuce milimita 0.05 ba kuma ramin da'ira ne, ka yi sa'a, gam ɗin zaunar da boris ya wadatar. Ba sufa gulu nake nufi ba, ba kuma shuɗin nan na ɗaure noti ba. Akwai nau'in da aka yi musamman don wannan, kamar Loctite 641, mai ruwan ɗorawa, wanda ƙarfinsa matsakaici ne, gobe in an zo canza boris zai fita ba tare da an fasa komai ba. In ratar ta kai 0.1 ko 0.15, sai a koma ga mai ƙarfi, irin 638, kore, wanda takardarsa ta ce yana cike har 0.25. Akwai kuma 660, mai kauri kamar man goge baki, da aka ce yana cike har rabin milimita. Gaskiya ne yana cikewa, amma ni ba na bin sa har can a giyabos, don gam bai san tsakiya ba, inda ya tarar da zobe nan yake kama shi. Rata ta rabin milimita na iya barin sandarka ta kwanta gefe da 0.25, ka ga an riƙe boris, an bar kuka.

Wannan gam yana da hali. Ba iska ce ke busar da shi ba, rashin iska ne, in ya matsu tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Shi ya sa za ka ga kwalbarsa ba a cike take ba, kada ka ce mai shago ya tsiyaye, iskar da ke ciki ce ke hana shi daskarewa. Ka dai duba ranar lalacewarsa, ka kuma saya a hannun wanda ka yarda da shi, jabu ba ya wuya a kasuwa. A kan alminiyam yana da nawa wajen kamawa, don haka akan fesa masa abin gaggautawa, Loctite 7649, sai dai da an fesa, mintuna kaɗan gare ka. Saboda haka a fara harhaɗa komai a bushe, a tabbatar kowa ya san abin da zai riƙe, sannan a sake warewa. A goge ramin da bayan zoben da tina har farin tsumma ya fito fari, ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata aikin. A tsayar da giyabos a kan gindinsa, bakinsa na kallon sama, don kada nauyin sanda ya kwantar da boris gefe. In ratar ta kai 0.1, a yanko 'yan siraran filagej, ƙarafan nan na auna rata, guda uku na 0.05, a sa su a kusurwa uku kamar duwatsun murhu, su riƙe zoben a tsakiya. A shafa gam siriri, kada ya taɓa 'ya'yan boris. Sannan a ƙyale shi awa 24 kafin mai ya shiga. Na san makanike zai ce da yamma ya yi. Bai yi ba.

In ratar ta haura 0.2, ko ramin ya zama ƙwai, ko gefen da zoben kulle ke zama ya cinye, to sai silib, wato sabon zobe da ake cusawa a ramin don boris ya zauna a cikinsa. A faɗaɗa ramin a kan inji, a sassaƙo zobe mai kaurin milimita 2 ko 3 gwargwadon naman da ya rage, ya ɗan fi ramin girma, a dumama kesin zuwa digiri 100 ko 120, lokacin da ɗigon ruwa zai tafasa a kansa, a sanyaya silib a firiza ko cikin ƙanƙara, a zura shi, a kafe shi da 'yar ƙusa don kada shi ma ya koyi juyawa. Bayan ya zauna ne ake yi wa cikinsa borin na ƙarshe daidai da boris, ba kafin ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai injin: daga ina zai ɗauki tsakiya? In ya ce daga ramin da ya ci, ɗauki kayanka. Daga ramin boris ɗin baya da turakun da ke saita giyabos da injin ake ɗauka. In ba ka samu wanda ya gamsar da kai a Sabon Gari ba, Kaduna da Kano ba nisa. Walda ta cika rami kuwa ba na so, zafinta na murɗe kesin.

Akwai kuma hanyar sayo wani kesin. An ƙera MGB sama da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, kayanta ba su yi wuya a Ingila ba, ko da yake kada ka sa ran tsintar sa a Panteka. Ka dai lura, daga ƙarshen 1967 aka canza giyabos zuwa wanda giya ta ɗaya ma ke da sinkuro, abin da ke sa giya ta shiga ba ƙara, naka shi ne wannan, na da ba zai yi maka ba.

Sauran abu biyu da nake zargin su ma suna da hannu. A bayan murfin gaba akwai 'yan siraran wosha da ke danne zoben boris ɗin don kada ya yi gaba ya yi baya. Sukan manne a jikin murfi, yaro ya wanke ya zubar bai sani ba. A auna zurfin murfin tare da gasket ɗinsa, a mayar da adadin da zai danne zoben ba tare da rata ba. Sai bushin ɗin gindin kiransha: tunda a MGB injin da giyabos tare ake fito da su, yanzu ne damarka, ka zura bakin sandar a ciki ka girgiza, in yana lilo a canza shi, ka kuma tabbatar turakun saiti suna nan. A sa sabon oyil sil a murfin, kada mai ya sauka kan kuloci.

Wajen zuba mai, kada a ɗura maka man giya mai kaurin nan. Giyabos ɗin MGB man injin yake sha, 20W/50. Bayan kilomita kamar 500 ka tsiyaye shi a faranti, ka sake fita da shi rana ka duba ko tokar nan ta dawo.