Filin Gyaran Mota: Tsohuwar A-kori-kura, Zafin Inji da Rigimar Giya

Wasiƙun wannan karon mafi yawansu daga masu a-kori-kura suka fito, kuma ba abin mamaki ba ne, ga bazara ga jigilar hatsi. Mun zaɓi huɗu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai shan gas, injin 3L. A cikin gari lafiya lau take, amma da na yi lodin masara daga Giwa na hau titi, kafin in iso Samaru allurar zafi ta kusa ja. Bakanike ya cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto in inji ya ɗauki zafi), ya ce ƙasarmu ba ta bukatarsa. Ta ɗan yi sauƙi, ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce a sauke top, wato kan injin. In yarda? (Direba, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada a sauke top tukuna. Lokacin da mota take yin zafi shi ne yake nuna inda cutar take. Wadda take tafasa a cunkoson Kwangila ko PZ, amma ta huce da zarar ta samu hanya, fankarta ce ba ta jan iska, ko an yar da robar nan da ke kewaye da fankar. Taka kuwa sai da lodi da gudu, wato ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ya kasa fitar da zafin da injin ke tarawa.

Fara da mafi arha, murfin lagireto. Za ka ga an rubuta 0.9 a kansa, a wasu 1.1. Aikinsa riƙe matsin ruwa. A buɗe, ruwa yana tafasa a digiri 100, a Zariya ma bai kai haka ba saboda tudu, amma da murfi mai lafiya sai ya kusa 118 kafin ya tafasa. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, motar za ta riƙa amayar da ruwa kaɗan-kaɗan ta tiyon gefe, kai ba ka sani ba. Sayi sabo mai lamba irin ta tsohon.

Sai lagireton kansa. Motar da ke shiga gona tana kwasar ƙaiƙayi da ƙura da ƙwari a fuskarsa. A wanke shi daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota yana kwantar da siraran ƙarafan. Cikinsa kuma ga gwajin da ba ya cin ko sisi: bari injin ya ɗauki zafi, ka kashe shi, ka cire makulli, ka shafa tafin hannu a fuskar lagireton a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Inda ka ji sanyi alhali kewayensa da zafi, bututun wurin sun toshe. Abin da ke toshe su shi ne ruwan rijiya da na burtsatse, masu barin farin datti irin wanda ke kama cikin butar mai shayi. Idan lagireton na tagulla ne, mai gyaransa zai buɗe tankin sama ya zurara siririn ƙarfe a kowane bututu, ya mayar ya like da dalma. Tsaya a kansa ka ƙirga bututun da aka taɓa toshewa a baya saboda yoyo. In sun yi yawa, gyaran ɓarnar kuɗi ce. Mai tankin roba da ya toshe, canzawa ake yi. A irin bayanin da ka yi, nan muka fi zargi.

Sa yaronka ya taka totur kana kallon tiyon ƙasa na lagireto. In ya shafe, ya yi laushi ke nan, yana hana ruwa isa famfo daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Fanbel kuma, ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya nutse fiye da santimita 1 ko ɗan sama da haka. Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa; ɗigo ko tabon tsatsa a wurin alama ce ya gama. Wani lokaci ba ya yoyo, fukafukansa ne tsatsa ta cinye, kuma ba mai yi musu hanzari kamar zuba ruwa zalla shekara da shekaru.

Batun tamostat: a mayar da shi. Lambar da ke jikinsa, 82 ko 88, ita ce digirin da yake fara buɗewa. Idan injin ya kai zafinsa na aiki, tamostat mai lafiya a buɗe yake, bai tare komai ba, don haka cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi. Abin da cirewar ke yi shi ne jinkirta hawan allura, shi ya sa ka ga kamar an samu sauƙi. A wasu injuna ma ƙasan tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeruwar hanya ta cikin inji. In babu shi, wani kaso na ruwan yana zagayawa a ciki bai leƙa lagireto ba. Ga kuma safiyar hunturu, inda injin da ya daɗe a sanyi yake ƙara shan mai da cin ringi. Ana gwada shi a tukunyar ruwa a kan wuta: ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya buɗe kamar milimita 8.

Bayan wannan ne ake maganar gasket, shimfiɗar nan da ke toshe tsakanin top da gangar injin. Da safe injin na sanyi, cika lagireto, bar shi a buɗe, ka tayar. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri cikin minti biyu bayan an rufe murfi, ko farin hayaƙi da ba ya yankewa, ko baƙin mai ya koma fari-fari: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa hujjar sauke top. In an sauke, a duba tsaga a tsakanin bawul, don top ɗin injin gas da ya sha tafasa yakan tsage, sabon gasket kuwa ba ya maganin tsaga. Gasket ɗin 3L yana zuwa da kauri daban-daban gwargwadon yadda fistin ya ɗago, a kula da wanda aka cire. Ɗaurin notinsa da sifana mai awo ake yi, daga tsakiya zuwa gefe, awon 78 Nm, sannan a ƙara kwatan zagaye sau biyu. Bakaniken da zai ɗaure shi da bututu da ƙarfin damtse, ka ba shi haƙuri ka nemi wani.

In an gama, a zuba ruwan sanyaya inji, rabi shi rabi tataccen ruwa irin na batir wanda ba asid a ciki. Ba don ƙanƙara muke zuba shi a nan ba, don tsatsa ne. Kuma in ta tafasa a hanya, a jira rabin awa kafin a taɓa murfi, kada a kwara mata ruwan sanyi.

Tambaya: Ranku ya daɗe, Peugeot 504 ce ta gado. An canza mata gasket, bayan mako guda ruwa ya fara sauka cikin baƙin mai. An sake canzawa, haka dai. (Mai sayar da katako, Sabon Gari)

Amsa: Alhaji, mai yiwuwa ba gasket ɗin sama ba ne. Injin 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne suke da bulok (gangar injin) ba. A zaune suke cikin ruwa, kowanne da siririn abin toshiya a gindinsa, kuma top ne yake danne su. Idan aka ɗaga top tsaye da ƙarfi, ko aka juya injin alhali top na ƙasa ba a danne silif ɗin da noti da washa ba, sai su motsa, toshiyar gindin ta lalace, ruwa ya samu hanya zuwa kaskon mai. Tsofaffin masu gyaran Fijo sun san wannan, yaran yanzu da suka taso a kan motocin Japan ne ba duka ba. Maganin shi ne a zare silif ɗin, a goge mazauninsu, a sa sabuwar toshiya, a auna yadda kowanne ya ɗago sama da bulok su zo daidai. Kada a ƙara tayar da ita da wannan man, ruwa yana cinye metal, siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kai.

Tambaya: Giya ta biyar tana fita da kanta in na ɗaga ƙafa daga totur, ta biyu kuma tana ƙara da safe. An zuba mata mai mai kauri, 140, wai zai riƙe ta. (Mai jigilar tumatir, Hunƙuyi)

Amsa: Mai ba ya riƙe giya. 140 ɗin ma shi ne ya ƙara maka ƙarar safiya, don zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu ba ya kamawa cikin mai mai kauri da sanyi. A juye shi, a zuba 75W-90 ko 80W-90 mai alamar GL-4. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na juyewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi. Ana zubawa motar na kan shimfiɗaɗɗen wuri har man ya fara dawowa ta ramin, yawanci lita 2 zuwa 3 da 'yan kai. Dubi notin ƙasa: laushin garin ƙarfe ba komai, gutsattsari ko ƙyallin tagulla kuwa labari ne. (Masu 504 su lura, giyarsu samfurin BA7 baƙin mai irin na inji aka ƙayyade mata.)

Don raba laifin kulochi da na giya: taka kulochi har ƙasa, ƙirga uku, ka sa ribas. In ta yi ƙara, kulochin ba ya saki gaba ɗaya, a duba mansa da famfunansa na sama da na ƙasa, a fitar da iska. In ribas ta shiga shiru, ta biyu kaɗai ke ƙara, zobenta ne ya cinye.

Fitar ta biyar kuwa, a fara da robar gindin sandar giya da robobin da inji da giya ke zaune a kai. In sun mutu, jijjiga kaɗai tana fizge giya. In lafiyarsu lau, sai an sauke, haƙoran kamun ko boris ɗin baya sun cinye. Dalili kusan kullum ɗaya ne, jan lodi a ta biyar. Ta huɗu ƙarfin inji yana wucewa ne kai tsaye, ta biyar kuwa sai ya bi ta ƙananan haƙora a can baya. Da kwandunan tumatir a hanyar Kaduna, zauna a ta huɗu.

Tambaya: Tawa tokumbo ce daga Amurka, mai giya otomatik. Man giyar ya koma ruwan hoda mai kauri, kuma tana jinkirin ɗauka. (Malama, Gyallesu)

Amsa: Malama, a ajiye motar yau, kada a ƙara tuƙa ta. A cikin tankin lagireto akwai bututun da man giya ke bi yana hucewa. In ya huje saboda tsufa, ruwa da mai sai su gauraye, ruwan kuma yana ɓamɓare fatar faifan kamun da ke cikin giyar. Ki sa a buɗe murfin lagireto da sanyi, za a ga mai yana yawo a sama. A canza lagireto, a sauke kaskon giya a canza matatarsa, a juye mai a sake zubawa sau uku ko huɗu, don juyewa ɗaya ba ta fitar da ko rabinsa. A wanke hanyar ruwan inji ma, mai yana kumbura tiyo. Nau'in man yana rubuce a sandar awonsa ko a littafin motar, tsofaffi da yawa Dexron III suke sha. A yawancin motoci ana auna shi injin na aiki, ya ɗauki zafi, giya na kan P. Tunda har ta fara jinkirin ɗauka, ki shirya jin cewa sai an buɗe giyar. In ta tsira, a ɗaura mata ƙaramin lagireton mai na daban a gaban babban.