Zakin Fijo da Kwalayen Alhaji

Kai yaro, wai kana son sanin abin da ya haɗa zaki da mota, da dalilin da ya sa mutanen Faransa suka ɗauko dabbar da babu ita a dajinsu suka liƙa a goshin Fijo. Da yadda ake saita bawul ka tambaye ni, da na fi murna. Amma tunda wannan ce ta dame ka, ajiye wayar nan ka saurara, don ba na maimaita magana.

Zakin nan ya girmi motar nesa ba kusa ba. Gidan Peugeot, masu ƙera Fijo, maƙera ne tun asali, a gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan. A 1810 suka mayar da wurin niƙan hatsinsu masana'antar ƙarfe, suna yin zarto da sifirin, daga baya har da injin niƙa kofi da kekuna. A 1847 suka sa wani maƙerin zinari, Justin Blazer, ya zana musu zakin da za su riƙa bugawa a jikin zarto, suka yi masa rajista a 1858. Abu uku suke nufi da shi: haƙoran zarton suna da ƙarfi irin na zaki, ruwansa yana lanƙwasa bai karye ba kamar gadon bayan zaki, kuma yana yanka da sauri kamar yadda zaki ke kai bara. Na farkon ma ba a tsaye yake ba, tafiya yake a kan kibiya. Motarsu ta farko sai a 1889, mai ƙafa uku, da tururi take aiki. Lissafa tazarar da kanka, ai kai ka yi boko.

Wanda ka saba gani, mai tsaye a kan ƙafafun baya, daga tambarin yankinsu na Franche-Comté aka aro shi, ya fito a jikin Fijo samfurin 203 a 1948. Zamanin 404, a 1960, kan zakin kawai aka sa cikin garkuwa. A 1975 aka dawo da shi gaba ɗayansa, shekarar da kamfanin da ke unguwar Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a ƙasar nan. A 2021 kuma suka sake komawa kai cikin garkuwa, ni dai in na gan shi sai in ga kamar bajon ƙungiyar ƙwallo. Sannan sifilin nan na tsakiya, 404, 504, 505, shi ma nasu ne tun daga 201 ta 1929. Da kamfanin Porsche na Jamus suka fito da mota suka ce mata 901, Peugeot suka ƙi yarda, dole aka mayar da ita 911.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, ba don ado aka fara buga zakin ba. Shaida ce ga mai saye cewa ƙarfen na gari ne, in ya ba da kunya ya san ƙofar da zai buga. A kan wannan shaidar wani ya cuce ni, kuma har gobe ban yafe ba.

Tun muna cikin jihar Sakkwato ne, kafin a yanke mana Zamfara a 1996. Lokacin duk tashar Gusau Fijo ce, 504 wagon ke jigilar Funtuwa da Zariya da Kaduna, gwamnati ma ita take hawa. Wani Alhaji mai motocin haya ya kawo mini wagon ɗinsa guda, injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. Na sauke shi na ce sai obahol, wato a kwance injin a sabunta kayan cikinsa: silif, fistin, ringi, metal, gaskit, duka. Yadda ake zaunar da silif a injin 504 ba sai na tsaya faɗa maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake. Na rubuta masa kayan, na ce ya kawo kuɗi in tafi Kaduna da kaina. Sai ya ce a'a, makanikai ɓarayi ne, shi zai sayo. A gabana, a garejina. Na haɗiye, saboda ya girme ni.

Ya dawo da kwalaye masu kyau, ga zaki ga lamba, babu abin da za ka kushe. Amma da na buɗe na ɗauki fistin, hannuna ya gaya mini akwai magana. Nauyin bai kai ba. Na shafa bakin ringi na ji kaushi, na saki ɗaya a kan siminti, ƙarar ba ta ƙarfen kirki ba ce. Metal ɗin kuwa lambar bayansa kamar da ƙusa aka karce ta. Na ce, Alhaji, kwalin nan na gaskiya ne, amma abin da ke ciki jabu ne, an cuce ka. Ya tashi da faɗa, ya rantse da Allah cewa a hannun dila ya saya, wai ina neman hanyar da zan karɓe kayan in sayar masa da nawa. Ya buga yatsa a kan kwali yana cewa, ba ka ga zaki ba? Ka fi Bature sani ne? Na ce in na ɗaura, babu ruwana da abin da zai biyo baya. Ya ce ya ji ya gani.

Na haɗa injin nan haɗin da ko a Kakuri sai haka. Ba a jima ba motar ta ɗauko fasinja, tana wuce Kwatarkwashi kafin Tsafe injin ya buga. Ringi ya karye, metal ya narke, kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, ya huda bulok, wato gangar jikin injin, ya leƙo waje. Allah ya tsare rayuka.

Washegari sai ga sammaci. A gaban alƙali mutumin nan ya ce shi kaya na asali ya kawo, ga kwalaye ga rasit, ni na musanya su da jabu na sayar da nagarin. Rasit ɗin kuma na gaske ne! Shaidata guda, yaron da ke koyon aiki a wurina lokacin, aka ce yaronka ne, me zai faɗa in ba abin da ka sa shi ba? Dattawan sana'a suka shiga tsakani aka yi sulhu, sulhun kuwa shi ne in sayo masa wani injin. Na sayar da Vespa ɗina, na sayar da filin da na saya don in yi wa uwargida gini. Kuɗin ba su fi ƙona mini rai ba irin yadda aka riƙa nuna ni a tasha ana cewa ga mai musanya kaya. Masu motocin da suka saba da ni suka janye, sai da na yi kamar sabon shiga kafin su dawo.

Gaskiyar ta fito ne bayan ya kori direbansa. Direban ya zo har nan ya zauna a kan bencin da kake kai, ya ba ni labari. Ashe kaya biyu Alhaji ya saya, na asali da jabu. Na asalin ya kai wa wani bakanike aka sa a motar da yake hawa da iyalinsa, jabun ya zuba a kwalayen zaki ya kawo mini. In injin ya yi lafiya ya ci riba, in ya buga ga wanda zai biya. Na ce wa direban ya zo mu koma kotu, ya ce shi yana da 'ya'ya, ba zai iya ja da mai kuɗi ba.

Shi ya sa kake ganin duk wanda ya kawo kayansa garejin nan, a gabansa nake buɗe kwali, in kira maƙwabci ya tsaya, in na ce jabu ne kuma ba na ɗaurawa ko zai yi kuka. Ku kuma 'yan yanzu ga waya a hannunku mai ɗaukar hoto, wadda da ina da ita a wancan lokacin da filina na nan, amma ba ku san amfaninta ba sai kallon rawa. Kuna ganin tambari a leda kun gama bincike, ko juya fistin ba ku yi balle ku auna shi a hannu.

Alhajin yana nan da ransa, muna haɗuwa a masallacin Juma'a, har hannu yake miƙo mini. Kwanaki ɗansa ya turo 406 nan wai giya tana wahala. Na ce a gaya masa aiki ya yi mini yawa, ya kai wa wanda ya haɗa wa babansa motar gida.