Amsa ga mai sabuwar akori-kura da ke ja dama: kafin a sake yin alaimen

Assalamu alaikum. Malam, sannu da haƙuri. Ka ce akori-kurarka sabuwa ce dal, ko kilomita 5,000 ba ta cika ba, amma da ka sassauta hannu sai ta nufi dama, kuma sitiyarin a ɗan karkace yake ko a miƙaƙƙen titi. An yi mata alaimen, wato saita tayoyi a kan na'ura, sau 3 ba ta daina ba, su kuma waɗanda suka sayar maka suna cewa haka irinta suke. Ba haka suke ba, kada ka yarda da wannan magana. Na shekara fiye da 20 ina tuƙi ina kuma kula da motocin aiki, yawanci akori-kura, tsakanin Kano da Kura da Kadawa lokacin shinkafa, wani lokaci har Kaduna. Wannan ciwon kan ya same ni sau biyu, kuma duk biyun ba alaimen ne ya warkar da shi ba.

Shawarata ita ce ka daina kai ta alaimen tukuna. Idan an yi abu sau 3 bai yi magani ba, to ba a nan gizo ke saƙa ba. Sannan duk gwajin da za ka yi daga yau, abu ɗaya tak za ka canja, ka hau titi ka gwada, ka rubuta abin da ka gani. Idan aka taɓa taya da burki da tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) rana ɗaya, ko motar ta gyaru ba wanda zai san me ya gyara ta, in kuma ta ƙara lalacewa ba wanda zai ɗauki laifi.

Ka fara tabbatar da cewa motar ce ke ja, ba titin ba. Ana gina kwalta da ɗan tudu a tsakiya don ruwan sama ya gangare gefe, mu kuma tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, saboda haka kowace mota tana da ɗan sha'awar gangarawa dama idan aka sake ta. Ga kuma titunan da tireloli suka yi wa kwari, waɗanda ke jan taya kamar jirgin ƙasa a kan dogo. Ka sami miƙaƙƙen titi da sassafe, inda kake hango nesa kuma babu kowa, ka yi tafiya a hankali a kan tsakiyar tudun, sannan ka ɗan koma hagunsa. Idan a hagun ta bi gangara ta nufi hagu, titi take bi. Idan ko a can ma tana hawa tudu tana neman dama, to lallai ja take yi.

Sai iska. Na san za ka ce wannan ai kowa ya sani, amma ka auna da kanka, da safe kafin motar ta motsa, da gejinka na kanka. Gejin masu faci da yawa ya sha faɗuwa ƙasa, biyu ba sa ba ka lamba ɗaya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙarfen ƙofar direba, kuma a akori-kura za ka ga na lokacin da babu kaya daban, na lokacin lodi daban. Sabuwar mota kan bar masana'anta da iska fiye da kima, don kada taya ta lotsa a doguwar ajiya a jirgin ruwa da tashar Legas, kuma aikin mai sayarwa ne ya rage kafin ya miƙa makulli. Ba kullum ake tunawa ba. Taya mai iska da yawa tana sa mota yawo a titi, wadda ta fi 'yar'uwarta ƙarancin iska kuma tana jan motar zuwa ɓangarenta.

Yanzu ga inda na fi zargi a motarka, domin nan aka kama tawa. Wata sabuwa da aka ba ni in riƙa kai kaya gona ta dame ni wata biyu. Daga Kano zuwa Kura, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai in sauka kafaɗata ta hagu tana ciwo saboda riƙe sitiyari. An ɗora ta a kan na'urar alaimen sau biyu, duk lambobi sun fito kore, wato daidai. Ranar da na gaji na biya wajen wani dattijon bakanike a kusa da Ƙofar Ruwa. Bai buɗe komai ba. Ya shafa tafin hannunsa a kan tayoyin gaba, ya ɗauki alli ya rubuta "dama" a ɗaya "hagu" a ɗaya, ya ce wa yaronsa ya kawo jak. Suka mayar da ta dama hagu, ta hagu dama. Ya shiga gefena ya ce mu je. Ba mu yi nisa ba na sassauta hannu, sai ga mota ta nufi hagu. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka gani? Ciwon ya bi taya."

Bayaninsa shi ne, a cikin taya akwai ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa. Idan wajen ƙira ɗamarar ta ɗan goce daga tsakiya, tayar ba za ta gara a miƙe ba. Ka kwantar da bokiti a ƙasa ka tura shi, za ka ga yana lanƙwasa zuwa ɓangaren gindinsa, saboda baki ya fi gindi faɗi. Haka irin wannan taya take yi, sai dai gocewar ƙanƙanuwa ce, ido ba ya gani, na'urar alaimen ma ba ta gani domin ita kusurwar wili take aunawa, ba halin roba ba. Balansin ma ba ya gyara ta. Kuma a sabuwar taya ake samun wannan, shi ya sa mutum ba ya kawo ta a ransa.

To ka yi wannan gwajin gobe. Idan ja ya koma hagu ko ya ɓace, taya ce. Don gane wacce ce a cikin biyun, ka mayar da ɗaya baya a ɓangarenta, ka kawo ta bayan gaba, ka sake gwadawa. Ka dai duba gefen tayoyin tukuna: idan akwai kibiya da ke nuna hanyar juyawa, irin wannan ba a barin ta a ɗaya ɓangaren, gwaji kawai za a yi a mayar. Ka kuma tabbata duk huɗun iri ɗaya ne, girma ɗaya, zane ɗaya. Akwai lamba 4 a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Idan ɗaya ta sha bamban da sauran ƙwarai, akwai tambayar da za ka yi wa mai sayarwa.

Idan musanya taya ba ta canja komai ba, ka koma baya. A nan mutane ke ɓata kuɗi, domin kowa gaba yake dubawa tunda a hannu ake jin ciwon. Akori-kura aksul ɗinta na baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, ɗaya ne miƙaƙƙe, yana zaune a kan sifirin mai falle-falle. Akwai ƙusa a tsakiyar sifirin da ke shiga wani rami don aksul ya zauna daidai, da ƙarafa masu siffar U da ke ɗaure su tare. Idan notinan sun yi sako-sako ko ƙusar ta karye, aksul kan zame gaba ko baya a ɓangare ɗaya. Daga nan tayoyin baya suna tura motar a karkace, kai kuma kana karkata sitiyari don ka miƙe ta ba tare da ka sani ba. Karkacewar sitiyarin da ka ambata ce ta sa na kawo wannan.

Mota ta biyu da ta wahalar da ni ke nan. A wajen wanki na gane. An gama wanke ta, direba ya ja ta a miƙe a kan busasshen siminti, ina tsaye a baya. Sai na ga sawun tayoyin baya bai hau kan na gaba daidai ba, ya goce gefe ɗaya kusan faɗin yatsa biyu. Muka ɗauko tef muka auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, dama da hagu, ba su zo ɗaya ba. Da aka leƙa ƙasa sai ga wurin da ƙarfe ya goge yana ƙyalli a kan sifirin, alamar aksul ya motsa. Makonni kaɗan kafin nan an yi mata lodin taki fiye da ƙarfinta an bi gargada da ita. Kai ma ka yi wannan gwajin, ruwa da tef kawai yake buƙata, ko ka sa wani ya tuƙa ta kai kana biye a wata mota kana kallon ko tana tafiyar kaguwa. Ka auna tsayinta ma daga ƙasa zuwa bakin bodi a kan kowace taya, ba a wuri mai laushi ba, a kan siminti mai daidaito. Motar da ta kwanta gefe ɗaya ba za ta miƙe ba.

Burki ba ya ɗaukar lokaci. Ka yi tafiyar kilomita 10 ba tare da yawan taka shi ba, ka tsaya, ka kusantar da bayan hannunka ga kowane wili, kada ka taɓa. Wanda ya fi sauran zafi sosai, burkinsa na kamawa. A ɗaga ta a juya tayar da hannu za a ji.

Sai bayan duk wannan za ka koma wajen alaimen, kuma wannan karon ka je da sharaɗi. Abu uku ake aunawa a gaba. Akwai yadda tayoyin ke kallon juna ko suke baje baki idan ka leƙo su daga sama, wanda ake gyarawa a tayarod. Shi yana cin taya yana karkata sitiyari, amma ba shi ke sa ja ba, kuma wurare da yawa shi kaɗai suke taɓawa su ce an gama. Akwai kamba, wato kwanciyar taya ciki ko waje, kamar gwame da ƙafar baka. Mota kan bi ɓangaren da saman tayarsa ya fi kwantawa waje. Akwai kuma kasta, irin kwanciyar da ƙahon gaban keke ke yi baya, wadda ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Mota kan ja zuwa ɓangaren da kastansa ya fi ƙanƙanta. Abin lura shi ne, dama da hagu kowanne zai iya fitowa kore a allon na'ura, amma ɗaya yana ƙarshen sama ɗaya yana ƙarshen ƙasa. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kamar rabin digiri, za ka ji shi a hannu. Saboda haka ka ce a auna ƙafa huɗu, a buga maka takardar kafin gyara da ta bayan gyara, a nuna maka kusurwar turin aksul na baya. Wanda ya ce na'urarsa ba ta buga takarda, ka ɗauki hoton allon da wayarka.

Ba ka faɗa mana ko sitiyarin na mai ne ko na lantarki ba. In na mai ne, a duba man da bel. In na lantarki ne, yana da na'urar da ke gaya wa kwamfutar motar inda tsakiya yake, kuma a motoci da yawa sai an saita ta da kwamfuta bayan alaimen, in ba haka ba injin sitiyarin zai riƙa ɗan tura ka gefe yana zaton gyara yake yi.

Akwai abin da nake roƙonka kada ka bari a yi. Wasu za su rage iskar taya ɗaya don ja ya ɓoye, wasu su cire sitiyari su mayar da shi a miƙe. Ciwon yana nan, an dai rufe shi, taya kuma za ta ƙare kafin lokacinta. Kada kuma ka bari a kwance rak ɗin sitiyari ko a gasa wani ƙarfe da wuta a wajen garejin masu motar, domin ranar da ka koma da ƙorafi wannan za su riƙe su ce kai ka ɓata ta. Idan kuwa sitiyarin yana cijewa a wani wuri, ko yana ƙin dawowa bayan kwana, ko kana jin ƙwas-ƙwas a ƙasa, wannan ba na jira ba ne. Ka ajiye ta, kada ka ɗauki iyali a ciki, a duba mahaɗin sandar sitiyari da boljoyin.

Game da masu sayarwa, ka duba littafin garanti ka ga shekara nawa ko kilomita nawa aka ba ka, ka kuma tabbata garantin yana aiki a nan gida, domin motocin da ake shigowa da su daga Dubai ta hannun 'yan kasuwa ba duka wakilan kamfani ke karɓa ba. Duk zuwan da za ka yi, a rubuta ƙorafinka a katin aiki da kalmominka, da kwanan wata da kilomita, ka karɓi kwafi. Ka nemi babban bakanikensu ya shiga ya tuƙa da kansa kana gefe, a titin da ka yi gwaji. In suna da irinta a ajiye, a tuƙa ita ma a wannan titin, a nan maganar "haka suke" za ta mutu. Idan sun ci gaba da yi maka yawo da hankali, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar neman gyara ko canji, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi. Takardun nan su ne shaidarka.

Ka musanya tayoyin gaban nan tukuna, ka dawo ka gaya mana ta ina ta ja. In kana da takardar alaimen na ƙarshe, ka turo lambobin kamba da kasta na dama da na hagu mu duba tare. Allah Ya tsare hanya.